Amsa kan TORS ɗin Banshee: a cire ko a bari?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Ƙanena mai Banshee, babur ɗin nan mai ƙafa huɗu na Yamaha, na ji muryar da ka turo, ka ce babur ɗin yana tari yana yankewa da ka ba shi totur, wani kuma ya ce maka ka yanke wayoyin TORS, wato na'urar da ke yanke wutar inji in totur ya maƙale, ka huta, har ma zai ƙara gudu. To bari in yi maka magana da baki, don rubutu ba zai ɗauke ta ba.

Maganar ƙarin gudu dai ka ajiye ta gefe, babu ita. TORS ba ya taɓa mai, ba ya taɓa iska, ba ya rage wa injin ƙarfi ko kaɗan matuƙar yana lafiya. Mai gadi ne kawai. Yamaha ta sa shi a Banshee, wannan mai silinda biyu da ta fara fitarwa a 1987, ta kuma sa shi a Blaster, wani babur ɗinta mai ƙafa huɗu. Ka ga waɗannan manyan hulunan da ke kan kafireto biyun? Kowace akwai ɗan makunni a ciki. Akwai wani makunnin kuma a wurin totur ɗin da kake dannawa da babban yatsa. In ka saki totur, na hannu ya ce an saki, amma na kafireto ya ce fistin ɗin cikin kafireto, wanda totur ke ɗagawa don iska ta shiga, bai sauko ba, sai akwatin TORS ya yanke wutar filogi. Shi ke nan aikinsa. Wato ranar da totur ya maƙale, shi ne zai hana babur ya tafi da kai.

Kuma totur yana maƙalewa, kada wani ya ce maka ƙarya ce. Na taɓa buɗe kafireton wani bayan sun dawo daga hawa cikin rairayi, na ja fistin ɗin sama da yatsa na sake shi, sai ya tsaya tsakiya cak, sifirin yana turawa amma ya ƙi sauka. Da na zaro shi sai ga ƙwayoyin yashi sun ja layi a jikinsa kamar an kankare da allura. Matatar iska ce ba a zaunar da ita daidai ba. To ka yi tunanin wannan a giya ta uku, kana fuskantar kwana.

Yanzu matsalarka. Kafin ka taɓa almakashi, duba kebur ɗin totur. Dole a samu ɗan sassauci a hannu kafin ya fara ja. In ya yi tauri ko ya yi sako-sako da yawa, makunnan sai su riƙa saɓa wa juna, TORS ya ɗauka an maƙale, ya yi ta yanke wuta. Sau da yawa daga nan ne, gyaran minti biyar. Sai ka buɗe wurin totur na hannu ka ga ko ruwa ko laka sun shiga, musamman in kana wanke shi da ruwa mai ƙarfi. Af, na kusa mantawa, akwai kuma makunnin birkin ajiya, a wasu shekarun Banshee shi ma yana hana injin tashi sama, alamarsu kusan ɗaya, mutane su yi ta zagin TORS alhali ba ruwansa. In kana son ka tabbatar, zare soket ɗin akwatin TORS na ɗan lokaci, yana ƙarƙashin tanki, ka tayar ka ji. In tarin ya tafi, ka kama ɓarawo. In bai tafi ba, je ka nemi filogi da jet, wato ƴan ƙofofin mai na cikin kafireto, ka bar bawan Allah.

To in ka ce lallai sai ka cire fa? Ban ce haramun ba ne, masu tsere da yawa suna cirewa, kuma wanda ya sauya kafireto zuwa manya dole ya rabu da shi. Hulunan nan ma suna da cin wuri, sauya allurar kafireto sai ka sha wahala. Amma ba yanke waya ba ne kawai. Saitin sulo na Banshee a jikin hulunan TORS yake, in ka cire su babu inda za ka saita. Sai an sayi kayan cirewar gaba ɗaya: sabbin huluna, sabon kebur, da sukurorin sulo. Sannan a huda gefen kowace kafireto a yanka haƙori a ɗaura sukurun. Wannan hudar in ta karkace ka lalata kafireto, don haka wanda hannunsa ya saba za ka ba, kuma a wanke ɓarɓashin ƙarfen tas kafin a haɗa. Ka lura da fistin ɗin, na hagu daban na dama daban, yankakken gefen yana kallon matatar iska. In aka saka su ba daidai ba suna iya ƙin zama ƙasa, kana tayarwa injin ya yi kururuwa, kuma ga shi ka kori mai gadi. Bayan nan a daidaita su su riƙa tashi tare.

Ni dai in nawa ne, kafireto na asali ne, kuma ƙannena ko yara suna karɓar hawa, wallahi ba zan cire ba, gyara shi zan yi. In kuwa na cire, ranar zan sa makashin nan mai igiya da ake ɗaurawa a hannu, wanda in ka faɗi ya fizge ya kashe injin. Kuma duk hawa, kafin in tayar, sai na danna totur na saki na ji ƙarar fistin biyun sun buga ƙasa, ƙwas.

Ka duba kebur ɗin gobe da safe, ka ɗauko mana bidiyon yadda yake yi, ka juya kan babur hagu da dama yana sulo mu ji ko ƙarar tana canjawa.