Tambaya da Amsa: Wuta Nawa Ake Ba Tarakta Wajen Sassabe da Silasha?

Tambaya:

Malam, barka da ƙoƙari. Ina da tarakta mai ƙarfin doki 45, na haɗa mata silasha, wato na'urar yankan ciyawa da ake ɗaurawa a bayan tarakta, mai faɗin mita ɗaya da rabi ina sassabe gona. A agogon juyin inji akwai alama a kan 2,400, an rubuta 540 a gefenta. Ni kuwa da allura ta doshi wurin sai ƙarar injin ta ba ni tsoro, in ga kamar zan kashe shi. Shi ya sa nake tsayawa a 1,800, in lallaɓa inji, in kuma rage shan mai. To amma ciyawar ba ta yankuwa, in na waiwaya sai in ga rabinta ta miƙe kamar ban bi ta kai ba. Ga notin kariya, wanda ke haɗa sandar juyi da giyabos ɗin silasha, sau uku yana tsinkewa cikin mako guda. Yayana ya ce in ƙure wuta kawai. Ni da shi wa ke da gaskiya?

Mai karanta wannan shafi kullum.

Amsa:

Ɗan'uwa, daga kai har yayan naka babu wanda ya samu daidai, sai dai shi ya fi ka kusa. Ka kai allura kan wannan alama ta 2,400 ka bar ta nan. Ba ado aka yi ta don shi ba. Ita ke nuna inda sandar juyi ta bayan tarakta, wadda direbobi ke kira PTO, take juyawa sau 540 a minti ɗaya, kuma a kan wannan adadi aka ƙera silasharka tun daga giyabos har wuƙaƙe. Kowace tarakta da inda tata alamar take, wata a wajen 1,700, wata sai 2,600, don haka kar ka ari lambar maƙwabcinka.

Ka tsugunna wata rana, inji a kashe, ka leƙa ƙarƙashin silashar. Wuƙaƙen nan biyu ba su da kaifin a zo a gani, kuma ba a ɗaure suke tam ba, lilo suke yi a kan noti. Juyi ne ke miƙar da su, kuma da duka suke yanka, ba da kaifi ba. A silasha mai faɗin taka, giyabos yakan ƙara juyin da kusan rabi, wato 540 ya zama wajen 800. Bakin wuƙa yana zagaye mita 4.7 a kowane juyi, ka ga gudunsa ya haura kilomita 220 a awa ke nan. Kai da kake tsayawa a 1,800, sandar tana juyi 405 ne kacal, kashi uku cikin huɗu na abin da ake so. Za ka ce ai ragin kaɗan ne. A'a. Ƙarfin duka ba ya raguwa daidai da gudu, ninkin gudun a kan kansa yake bi, don haka abin da ya rage maka bai wuce kashi 56 cikin ɗari ba. Kusan rabin ƙarfin saranka ka zubar. Wuƙa ta tarar da ciyawa mai kauri ko ɗan itace, maimakon ta datse shi sai ta lanƙwashe baya, ta kwantar da shi ta wuce. Shi ne wanda kake gani ya miƙe a bayanka. Haka kuma iskar da wuƙaƙe ke tayarwa, mai ɗago ciyawar da taya ta taka, ta yi rauni.

Notin kariyar ma nan ne ciwonsa. In juyi ya yi ƙasa, aikin bai ragu ba, sai dai murɗar da ke kan sandar ta ƙaru, ga wuƙa tana lanƙwashewa tana dawowa da fizga. Notin kuwa an yi shi ne don ya mutu a madadin giyabos. Ina roƙonka kar haushi ya sa ka maye gurbinsa da noti mai taurin ƙarfe. Na taɓa buɗe giyabos ɗin wani da ya yi haka, haƙoran giyar na kwance a cikin mai kamar tsakuwa. Ka kuma duba yadda kake saka PTO, don shi ma yana cin noti: a silo ake saka shi, silasha a ɗan ɗage, a saki kuloci sannu a hankali, sai wuƙaƙe sun kama juyi sannan a ƙara wuta har alama.

Batun tsoron kashe inji kuwa, ni ma na yi shi. Shekarata ta farko a kan tarakta, lallaɓa ta nake yi kamar ƙwai. Rannan na shiga wata ciyawa da ta kai ƙirji, wuta ƙasa-ƙasa, giya babba. Sai muryar injin ta koma gurnani, salansa ta fara aman baƙin hayaƙi, sitiyari na karkarwa a hannuna, allurar zafi tana hawa ina kallo. Maigidana na tsaye a bakin gona. Bai ce mini uffan ba, ya hau, ya tura totur gaba, ya sauko da giya biyu, hayaƙin ya ɗauke nan take. Abin da ke cin injin dizal shi ne a danƙara masa kaya alhali juyinsa ya yi ƙasa. Amma gudun da ke kan alama, an gina shi ne ya wuni a kai, kuma akwai gwamna a jikin famfon mai (shi kam ba ya neman ƙuri'ar kowa) da ke hana shi wuce iyaka.

Abin da na koya ran nan shi nake so ka riƙe: totur na wuƙa ne, giya ta tafiya ce. In ciyawa ta yi duhu, ko ƙasa ta yi gargada, kar hannunka ya je kan totur, giya za ka rage. Ka yi amfani da totur na hannu, ba na ƙafa ba, don kowane rami ka faɗa ƙafarka sai ta motsa. In allura tana faɗuwa ƙasa da alama ba ta dawowa, ka sauko giya ɗaya, ko ka ɗauki rabin faɗin silasha, ko ka ɗaga ta ka yi bi biyu. Ka bar gabanta ya ɗan fi bayanta ƙasa, kamar santimita biyu, don kar wuƙa ta sari ciyawa ɗaya sau biyu.

Mai fa? Gaskiya ne a 1,800 ba ta sha kamar a 2,400 a awa guda. Amma gonar da ka bi sau biyu ba ka yi tsimi ba. A ciyawa mai laushi, in ka sauko zuwa 2,200 ba zan yi faɗa da kai ba. Wasu taraktoci suna da 540E, wanda ke ba da 540 ɗin a ƙaramar wuta don aiki marar nauyi. In taka na da shi, nan ne wurin tsimi.

Shawarar yayanka ta a ƙure wuta, ribarta ƙara ce da girgiza da shan mai. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne a juya silashar da aka ƙera don juyi 540 da juyi 1,000, a taraktar da PTO ɗinta ke da gudu biyu. Kar ka kuskura. Ko a 540 ɗin ma dutse kan fita daga ƙarƙashinta kamar harsashi, don haka mutane da dabbobi su yi nisa, kamar mita 100, murfin sandar kuma ya zauna a wurinsa.

Tunda yanzu za ka riƙa aiki a cikakkiyar wuta, fanka za ta ja ƙaiƙayi da yawa, ka riƙa share ragar gaban lagireto duk bayan awa ɗaya ko biyu. In za ka sauka, ka rage wuta, ka cire PTO, ka kashe inji, ka zauna har sai ka daina jin wuƙaƙen suna juyi.