Sikanin ya nuna hantata kalau, ko in daina shan magani?

Tambaya: Likita, shekara huɗu ke nan da aka gano ina ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma ina shan tenofovir tun bara. Kwanan nan na yi sikanin ciki, aka rubuta cewa hantata tana nan daidai. Wani mai ba da magani da na sha nasa ya ce wannan shaida ce na warke. Gaskiya na gaji da shan ƙwaya kullum, amma ina tsoro. Ko in daina?

Amsa: Malam, kada ka daina. Wannan tsoron da kake ji yana bisa hanya.

Sikanin da ka yi, wato hoton da ake ɗauka da amon sauti bayan an shafa man nan mai sanyi a ciki, yana nuna girman hanta da siffarta, da ko akwai ƙari a cikinta, da girman saifa, da ko ruwa ya taru a ciki. Ba ya ganin ƙwayar cutar ko kaɗan, kuma ba ya ganin tabon da take bari a hanta sai abin ya yi nisa, lokacin da gefen hantar ya fara yin gurbi-gurbi tana ƙanƙancewa. Mutum na iya kai wa matakin tabo mai haɗari alhali takardarsa na cewa komai lafiya lau.

Wannan ruɗin ne nake fama da shi kusan kullum. Mutum zai shigo da fara'a, ya zaro takarda daga ambulan, ya ɗora yatsa a kan layin da aka ce hanta ba ta kumbura ba, ya ce ai ya rabu da ciwon. Masu tallan magani sun gano wannan lagon, shi ya sa suke cewa "sha na wata uku ka je ka yi sikanin ka gani". Sun san sarai cewa da ya yi hoton kafin ya sha, sakamakon da zai samu ke nan. Ban taɓa jin ɗayansu ya ce a je a auna yawan ƙwayar cutar a jini ba, domin a nan asiri zai tonu. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, wanda ya yanke tenofovir kwatsam, ƙwayar cutar na iya farfaɗowa cikin makonni ko watanni ta ƙona hantar da ƙarfi, idanu su yi ruwan ɗorawa, wani ma hantar ta gaza gaba ɗaya, musamman idan dama akwai tabon da hoton bai nuna ba. A lokacin kuwa mai maganin ba ya nan. Sannan nau'in B yana iya haddasa kansar hanta ko da hantar ba ta ƙanƙance ba, don haka hoto mai kyau na yau ba ya wanke na baɗi.

Awon da ya dace da tambayarka shi ne na taurin hanta, wanda aka fi sani da FibroScan. Ana ɗora kan na'urar tsakanin haƙarƙarinka na dama, ka ji ɗan bugu kamar an ƙyasta maka yatsa, ita kuma ta auna saurin da girgizar ke ratsa hantar, domin hanta mai tabo ta fi tauri. Sakamakon yana fitowa da ma'aunin tauri da ake kira kPa. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024, abin da ya haura 7 yana nuna tabo mai muhimmanci, abin da ya haura 12.5 kuwa ana ɗaukarsa ƙanƙancewar hanta. Shi ma yana da nasa rauni: cin abinci kafin awon da hauhawar ALT, wato sinadarin da ke ƙaruwa a jini idan hanta ta ji rauni, suna ɗaga lambar, ƙiba da ruwa a ciki kuma suna hana a samu sakamako mai inganci. Saboda haka ka je da azumin awa uku.

Hotunan CT da MRI, waɗanda ke nuna cikin hanta dalla-dalla, ba na kowa ba ne. Ana neman su ne idan sikanin ya ga ƙulli da ya kai santimita 1, domin a tantance ko kansa ce.

A gaskiya ma duk waɗannan hotunan jikin hanta suke dubawa. Aikinta kuwa jini ne ke faɗa: albumin da hanta ke samarwa, bilirubin mai sa idanu ruwan ɗorawa, saurin daskarewar jini, sai kuma ALT da HBV DNA, wato yawan ƙwayar cutar a jini, da ke nuna ko tenofovir ɗin ya danne cutar.

Ka koma wa likitanka da takardar, ka faɗa masa sunan abin da ka sha wurin mai maganin ba tare da jin kunya ba, domin wasu haɗe-haɗen su kansu suna cutar da hanta. Ka nemi awon tauri da na jini, kuma idan ya ga kana cikin masu haɗarin kansa, zai sa ka riƙa yin sikanin tare da awon AFP, wato awon jini na alamar kansar hanta, duk bayan wata shida. Ƙwayarka ta yau kuma ka sha ta a kan lokacinta.