Ina da miji amma zuciyata ta karkata ga mata: mene ne matsayin aurena?

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni matar aure ce a nan Sakkwato, muna da yara biyu. Maigidana bai rage ni da komai ba. Amma tun ina makarantar kwana na gane sha'awata ta fi karkata ga mata 'yan'uwana. Na taɓa faɗawa cikin abin kafin anka yi mini aure, na tuba, ban koma ba. Yanzu ina ganin masu cewa a waya wai irina rayuwar ƙarya muke yi, gara in yarda haka Allah ya yi ni. In na tashi salla sai in ji kamar munafuka ce ni. Shin aurena na nan? Dole ne in gaya wa maigida?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ɗiyata, Allah ya ba ki sauƙin abin da kike ɗauke da shi. Aurenki yana nan daram, kuma ke ba munafuka ba ce.

Shari'a ta raba abin da ke ɗarsuwa a zuciya da abin da gaɓɓai ke aikatawa. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya ce Allah ya yafe wa al'ummarsa abin da zukatansu suka raya musu, matuƙar ba su aikata ba ko suka furta. A hadisin Ibn Abbas kuwa, wanda ya yi niyyar mummunan aiki sannan ya fasa, ana rubuta masa kyakkyawan aiki cikakke, malamai suka ce in don Allah ya fasa. Karkatar da kike ji ba ke kika zaɓe ta ba, kuma Allah ba ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa, kamar yadda ya zo a aya ta 286 cikin Suratul Baƙara. Munafiki shi ne mai ɓoye kafirci yana nuna Musulunci. Wadda ke danne son ranta don tsoron Ubangijinta, kowane daren da ta yi haƙuri lada ake rubuta mata.

Shi aikin maɗigo haramun ne, malamai ba su yi saɓani a kai ba. Suratul Muminun, aya ta 5 zuwa ta 7, ta taƙaita biyan sha'awa ga abin da aka halatta, ta kira mai neman wanin haka mai ƙetare iyaka. Sai dai wanda ya faru kafin aure, kin tuba, ya wuce. Ba ya cikin aibubban da malamanmu na Malikiyya suka lissafa masu ba miji zaɓin warware aure, wato hauka, kuturta, albaras da cutar da ke hana saduwa. Yaranki 'ya'yan halas ne, kada shaiɗan ya sa miki kokwanto.

Masu ce miki haka kike suna da gaskiya a abu ɗaya, abin da kike ji ba ƙirƙirarsa kika yi ba, kuma ba zan yi miki alkawarin cewa zai gushe ba. Inda muka rabu da su shi ne ɗaukar sha'awa a matsayin ita ce mutum gaba ɗaya. Ke Musulma ce, uwa ce, matar wani ce, sannan kina da jarrabawa. Ba a jingina wa mutum sunan laifin da ya bari.

Maganar gaya wa maigida kuwa, ba wajibi ba ne, ni ma ba na ba ki shawarar haka. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa wani mutum ya gaya wa mai neman auren 'yar'uwarsa laifin da ta taɓa yi, labari ya kai ga Umar ɗan Haɗɗabi, ya buge shi ko ya kusa bugunsa, ya ce masa ina ruwanka da ba da labari. Wanda Allah ya rufa wa asiri ba ya tona kansa. Kin kuma san garinmu. Magana irin wannan in ta fita daga ɗaki zuwa zaure, kafin la'asar ta gama unguwa, kuma yaranki ne za a riƙa nunawa da baki a islamiyya. Haƙƙin mijinki a kanki shi ne kada ki ci amanarsa, da namiji ne ko da mace, kuma ki kyautata zama da shi iyakar iyawarki.

Akwai wani wuri da halinki ya bambanta da na sauran mata, a nan nake so ki fi lura. Tsarin gidajenmu an gina shi ne don raba mace da maza baƙi, ke kuwa cikin gida ne jarrabawarki take. Ranar biki ana shimfiɗa katifa ɗaya ƙawaye huɗu su kwana, ana canza kaya gaban juna, mai kitso tana riƙe da kanki a cinyarta tsawon yini, babu mai ganin komai a ciki. Muslim ya ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri cewa Annabi (SAW) ya hana mace kallon al'aurar mace, ya hana su haɗa jiki cikin mayafi ɗaya. Wannan hanin ya shafi kowa, amma ke ya fi ƙarfi a kanki. Ba na ce ki yanke zumunci ko ki ƙaurace wa taron mata ba, kaɗaici ma cuta ne. Wadda kika san zuciyarki na motsawa in kin gan ta, ita ce ba za ki keɓe da ita ba, a ɗaki ko a hirar waya ta tsakar dare.

Ina kuma gargaɗinki da masu cewa aljani ne ya shige ki, su karɓe kuɗinki, su turara ki, wani lokaci har da duka. Yi wa kanki addu'a da Alƙur'ani. In damuwa ta hana ki barci ko abinci, ko kika ji kin gaji da rayuwa, ki ga likita mai riƙon amana ba tare da jinkiri ba, wannan neman magani ne da addini ya yarda da shi.

In har ya kai ba ki iya sauke haƙƙin shimfiɗa sai da ƙunci mai cutar da ke da shi, shari'a ba ta ɗaure ki ba. Matar Sabit ɗan Ƙais ta ce wa Annabi (SAW) ba ta zargin mijinta a hali ko addini, amma ba ta iya zama da shi. Annabi ya tambaye ta ko za ta mayar masa da gonarsa, ta ce e, ya umarci Sabit ya karɓa ya sake ta saki ɗaya. Wannan shi ne hul'i. Kina iya nemansa ta hannun waliyyinki ko gaban alƙali ba tare da kin faɗi sirrinki ba, kuma a mazhabarmu riƙon yara na hannun uwa muddin sharuɗɗansa sun cika. Kada ki yi gaggawarsa tunda kin shaidi mijinki da kirki, ki yi istihara tukuna. Allah ne mafi sani.