Amsar tambayarka kan goron ɗaurin aure

Wa'alaikumus salam ɗana. Na ga saƙonka, ka ce wai me ya sa dole sai an kai goro wajen neman aure da ɗaurin aure da suna alhali ko bishiyarsa ba mu da ita a ƙasar Hausa, kuma ku samarin yanzu ba ma cinsa kuke ba, ko a haƙura da shi a raba alawa da dabino kawai.

Toh da farko dai goro ba sharaɗin aure ba ne a addini, in akwai waliyyi da shaidu da sadaki aka yi siga aure ya ɗauru ko ba a fasa goro ko ɗaya ba. Al'ada ce. Amma ni ban goyi bayan a ajiye shi ba, kuma wannan da ka faɗa cewa ba ma noma shi ai shine ma abin da ya ba shi daraja tun asali, da a bayan gari yake fitowa kamar kanya da magarya ba wanda zai ɗauka ya kai gidan surukai.

Goro ɗan kurmi ne, can ƙasar Asante a Ghana ta yanzu da dazuzzukan yamma da ita. Waɗanda suka fara fataucinsa sosai Wangarawa ne, mutanen daular Mali, su ne masu zinariya da goro tun zamanin su Mansa Musa da ya yi hajjinsa a 1324, kuma su ɗin ne dai suka zo Kano da addini zamanin Sarki Yaji wanda ya yi mulki 1349 zuwa 1385. Littafin tarihin Kano ya ce Sarkin Nupe ya aika wa Amina ta Zazzau babanni 40 da goro 10,000, ka riƙe wannan kyautar a ranka don zan dawo kanta. Sannan ya ce a zamanin Abdullahi Burja, 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanya daga Barno har Gwanja, wato ƙasar da ke arewa da Asante a Ghana ta yanzu. Kaga kenan da farko goro abin sarakuna ne da attajirai, talaka sai dai in an ɓantara masa.

Yanzu ka duba yadda yake zuwa. Fatake ne, yawancinsu Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, za su haɗa ayari mutum ɗaruruwa wani sa'in ma fiye da dubu, da jakuna da takarkarai da 'yan alaro, madugu ne shugaba jagaba yana gaba yana neman hanya da wurin sauka. Su ɗauki kanwa da baƙin rini na Kano da jan fatu da busasshiyar albasa, su bi ta Yawuri su ƙetare Kwara su biya kuɗin fito, su ratsa ƙasar Bargu inda 'yan fashi suka fi damunsu, kowane sarki aka bi ta ƙasarsa sai an yi masa gaisuwa, har su isa Salaga wadda ita ce babbar kasuwar Gwanja. Zuwa da dawowa wata da watanni ne, wani sai ya kusa shekara bai ga iyalinsa ba, wani ma ba ya dawowa.

Kuma goro ba gishiri ba ne da za ka ɗaure ka manta da shi, abu ne mai rai. A cikin ganye ake naɗe shi a yi huhu, duk bayan 'yan kwanaki sai an sauke an kwance, a zauna a bi shi ɗaya bayan ɗaya ana juyawa a hannu, wanda sankara ta kama a fitar da shi tun kafin ya ɓata sauran, a yayyafa ruwa a sake sabon ganye a ɗaure. Haka za a yi ta yi har Kano. Toh mutumin da ya ajiye ƙwarya ɗaya ta goro, wato guda 100, a gaban iyayen yarinya a wancan zamani, ba sai ya ce komai ba an san ya girmama gidan. Daga nan ne ya shiga komai namu, goron gayyata, goron albishir, goron sallah, har yau ko kuɗi ka ba yaro da sallah goro ake cewa.

Wannan hanya ce kuma ta watsa mu. Ba kowane bafatake ke komawa gida ba, wasu sun zauna sun zama masu masauki da dillalai, malamai suka bi su suka buɗe makarantun allo, aka yi aure aka hayayyafa. Da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874 sannan yaƙin basasa ya rusa Salaga a 1892, mutanenta suka bazu wasu garuruwan, shi ya sa yau za ka shiga zangon Kumasi ko Sabon Zango a Accra ka ji Hausa raɗau a bakin wanda ko kakansa bai taɓa ganin Dala ba.

Sai kuma ɓangaren da ba a cika son faɗa wa yara ba, ni kuwa ina ganin dole ku sani. Ka tuna kyautar Sarkin Nupe, mutane da goro aka haɗa a kyauta ɗaya. Salaga kasuwar goro ce amma kuma kasuwar bayi ce, kuma da yawa cikin masu ɗaukar kayan ayari a ka bayi ne, ba da son ransu suke tafiyar ba. Bayan yaƙe-yaƙen da suka fara a 1804 an kama mutane da yawa ta kowane ɓangare, aka riƙa sayar da su hannu zuwa hannu ta ƙasar Yarabawa har bakin teku, Legas da Wida ta ƙasar Benin ta yanzu, aka zuba su a jirgin ruwa sai Bahia a ƙasar Brazil. Ingila ta hana cinikin a 1807 amma jiragen Brazil ba su daina ba sai wajen 1850. Hausawan da aka kai can ba su kwanta ba wallahi, su suka shirya tawaye a 1807 suka sake tashi a 1814, sannan a watan Janairun 1835 cikin azumi Musulmin birnin Salvador, yawancinsu Yarabawa da wasu Hausawa, suka fito da fararen riguna suka yi faɗa da sojoji, da aka duba gawarwakinsu sai ga layu da rubutun Larabci a jikinsu. Duk sanda na tuna wannan sai raina ya sosu, mutum an raba shi da uwa da uba da gari amma bai saki karatunsa ba. Wasu kuma arewa aka yi da su ta hamada har Tarabulus da Tunis. Goron ma ya bi su, don daga Legas an riƙa kai shi Bahia ana sayar wa 'yan Afirkan da ke can, kuma har yau jikokinsu na amfani da shi a al'adunsu.

Abin da ya sa ku kuke ganinsa ba wani abu ba, jirgin ƙasa ne da ya iso Kano wajen 1911, tafiyar wata da watanni ta koma ta kwanaki, ga shi kuma Yarabawa sun dasa irin na Gwanja a su Shagamu, sai ya wadata har yaro ma na iya saye. Don haka ku ƙara alawar da dabinon ba laifi, amma a sa goron, a samu daushe mai kyau, wato goron da ya kwana biyu a ajiye, ba ɗanyen sabon goro ba, kuma ka tafi da wanda ya san shi ya buɗe huhun ya duba kafin a biya. Ka gaida mahaifiyarka da ƙannenka.