Hadarinmu daga gabas yake tasowa, me ya haɗa shi da teku?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji a rediyo cewa masu hasashen yanayi sai sun duba hoton teku kafin su faɗi yadda damina za ta kasance. Mu nan hadari daga gabas yake taso mana, teku kuwa tana can kudu. Ina haɗin? Daga wani manomi a karkarar Ringim, Jigawa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Gaskiyarka, ta gabas hadari ke zuwa, amma ruwan da ya ɗauko na Tekun Atilantika ne. Iskar damina ce ke kwaso danshin daga kudu maso yamma, tana bi ƙasa-ƙasa, wata iskar kuma a can sama tana kora hadarin zuwa yamma. Idan ruwan Tekun Gini, wato ɓangaren Atilantika da ke kudu da mu, ya yi ɗumi fiye da kima, damina kan maƙale a kudu, mu kuma mu sha fari, kamar a 1984.

Mai ɗaukar hoton shi ne tauraron ɗan'adam na Meteosat, kimanin kilomita 36,000 a saman wannan tekun. Tsohon samfurin duk minti 15 yake aiko hoto, sabon da aka harba a Disamban 2022 kuwa duk minti 10. Zafin da abu ke fitarwa yake aunawa, shi ya sa ko da dare yana gani.

Wahalar auna ɗumin teku tana tsakanin tauraron da ruwan tekun. Danshin da ke cikin iska yana shanye wani ɓangare na zafin, don haka dole kwamfuta ta ɗauko hasashen danshi da zafin iska na wannan sa'ar, ta gyara hoton da shi nan take. Hasashen ya kauce, awon ma ya kauce. Inda gajimare ya rufe, zubar da awon ake yi. Ƙurar hunturu ta fi ɓarna, domin takan sa teku ta fito da sanyin da ba nata ba, sai an gwada da na'urorin awo na shirin PIRATA da aka girka a kan teku tun 1997.

Shi kuma hadari, sanyin samansa ake dubawa: idan ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, ana sa ran ruwa. Sai dai siririn gajimaren can sama ma sanyi gare shi, kuma ba ya zubar da ko ɗigo.

Hasashen da NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, ke fitarwa farkon shekara na yanki ne, bai san gonarka ba. Kada ka zuba iri don ruwan farko kawai. Ka jira a samu ruwan sama milimita 20 cikin kwana 3, ka tona ka ga lema ta kai tsawon tafin hannu, sannan ka saurari sanarwa ko ana hangen ɗaukewar ruwa fiye da kwana 7. Idan gero za ka binne kafin ruwa, ka ajiye irin sake shuka.