Sanyin da ke fasa tiyo

Ɗana, ka tambaye ni ko gaskiya ne abin da yayanka ya faɗa maka daga Tamanraset ta ƙasar Aljeriya, cewa sanyi yana fasa tiyon ruwa, kuma me ake yi a hana. Gaskiya ne. Tun da kana shirin bin sa can da wannan sana'a, zauna ka ji.

Nan Maraɗi ba za ka gani ba. Hunturunmu na Disamba da Janairu yana tsaga leɓe da diddige, amma ko da asuba ba ya kaiwa digiri 0, inda ruwa ke daskarewa. Arewa daban take. A Bilma an auna sanyi ƙasa da sifiri a Janairun 1995, haka ma bisa duwatsun Azbin ruwa kan kwana ya zama ƙanƙara. Tamanraset kuwa tudu ce, sama da mita 1,300, daren hunturunta ba wasa ba ne.

Ka san kwalbar da aka cika taf aka manta a firigo, yadda ake tarar da ita ta tsage. Ruwa in ya daskare yana kumbura da kamar kashi 9 cikin 100. To, ga inda masu aiki da yawa suke kuskure: suna zaton daidai wurin ƙanƙarar ne tiyo ke fashewa. Sau da yawa ba nan ba ne. Ƙanƙarar tana toshe tiyon ne, ta yi ta tsawo a ciki, tana tura ruwan da ya rage zuwa wajen robine, wato kan famfo. Robine a rufe, ruwa ba shi da mafita, kuma ruwa ba ya matsuwa. Sai ya nemi inda ya fi rauni, ko gwiwa, ko wurin haɗi, ko ɗinkin tiyon ƙarfe na galba, ya ɓarke. Mai gida ba zai sani ba sai hantsi, lokacin da ƙanƙarar ta narke, ruwa ya fara tsartuwa cikin bango.

Saboda haka maganin farko shi ne ka ba ruwa hanya. Daren da sanyi ya tsananta, a bar robinen da ya fi nisa da kwantar, wato mitar ruwa, yana ɗiga kaɗan-kaɗan. Ni na san ruwa da tsada a hamada, shi ya sa a tara bokiti, da safe a yi amfani da shi. Tiyon tsakar gida da na bisa rufi da ba a bukata da dare, ka rufe makullinsa, ka buɗe robinen da ya fi ƙasa har ya tsiyaye sarai. Tiyon da babu ruwa ciki ba ya fashewa. Duk gidan da za ka ja wa ruwa can, ka sa masa wannan robinen zubarwa tun ranar farko, ko mai gida ya ce tsada.

Sai rufin tiyo. Akwai soso da ake sayarwa mai tsaga a gefe, ana sanya wa tiyo kamar riga. In babu, tsumma ko buhu ya wadatar, amma ka naɗe da leda daga waje, domin jiƙaƙƙen tsumma ya fi babu muni. Kada ka manta gwiwoyi da kwantar, ita ma tana tsagewa. Ka sani dai rufi ba ya kawo zafi, jinkirta sanyi kawai yake yi. Inda za ka iya, binne tiyon cikin ƙasa, ko ka bi da shi ta cikin ɗaki maimakon bangon da iska ke duka. Tiyon roba na PVC yana ƙara gautsi cikin sanyi, na PER, wato robar nan mai lanƙwasuwa, ya fi shi haƙuri domin yana ɗan buɗawa.

In kuma ka tarar ya riga ya daskare, don Allah kada ka kusanta masa wutar walda. Roba za ta narke, ƙarfe kuma tururi zai taru ciki ya fashe maka a fuska. Buɗe robinen tukuna, ka fara ɗumamawa daga bakinsa kana ja baya, da tsumma da ruwan ɗumi, hannunka kusa da babban makulli ko da akwai tsaga.

Gobe in Allah ya kai mu muna da aiki a unguwar Zariya. Ka zo da wuri, kai za ka ɗaura robinen zubarwa da hannunka ina kallo.