Tambaya da Amsa: Yaya ake gane shekaru da darajar tsofaffin kujerun saƙa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifinmu ya rasu ya bar kujerun saƙa biyu da ƙaramin tebur, waɗanda wani Bature da ya yi wa aiki a wurin haƙar kuza a Jos ya bar masa lokacin da zai koma ƙasarsu. Yanzu ana shirin rabon gado, wani dillali ya taya su da ɗan kuɗi kaɗan yana ta matsa mana, wani kafinta kuma ya ce mu ba shi ya jiƙa su a ruwan soda, ya kankare tsohon fentin ya fesa sabo, wai sai sun fi tsada. Akwai marayu cikin magada, ina tsoron kada a cuce su ta hannuna. Yaya zan gane shekarun kayan da abin da suka kai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya saka miki da alheri kan wannan tsoron. Kafin komai, kada ki sallama wa dillalin, kada kuma kafintan ya taɓa su, har sai kin kifa kowace kujera kin duba ƙarƙashinta da fitila, domin a can shaidar take.

Fara da abin da aka yi saƙar da shi. Ki ɗora maganaɗisu a kan tsayayyun zaren saƙar da ke bayan kujerar. Idan ya kama, kuma saƙar ƙanana ce, daidai wa daida kamar ta yadi, to da alama kina riƙe da Lloyd Loom, wato takarda mai ƙarfi da aka murɗa, aka naɗe wani sashenta a kan siririyar wayar ƙarfe. Marshall Lloyd ne ya yi rajistar wannan fasaha a Amurka a 1917, kamfanin W. Lusty & Sons na Landan kuma ya fara fitar da nasa a 1922, saboda haka kujera irin wannan ba za ta girmi waɗannan shekarun ba ko da wa ya rantse miki. Idan Baturen ɗan Ingila ne, na kamfanin Lusty na fi zato. Kamfanin Lusty yakan manna lambarsa a ƙarƙashin katako, sau da yawa har da hatimin wata da shekara, sai dai ƙura da fenti kan rufe shi.

Idan maganaɗisun bai kama ba, kuma saƙar ta kwagiri ce ko ta ɓargonsa, sai a koma ga ƙira. Mai yawan ado da murɗe-murɗe kamar katantanwa ita ce ta wajen 1880 zuwa 1900, lokacin da kamfanonin Wakefield da Heywood Brothers na jihar Masacusets ta Amurka suke gasa kafin su haɗe a 1897. Lambar da ke ɗauke da sunayen biyu tare ta bayan wannan shekarar ce. Daga farkon ƙarni na 20 ado ya ragu, aka koma ga miƙaƙƙen layi da saƙa mai faɗin ido, kamfanin Dryad na Lesta kuma ya soma yin kayan kwagiri marasa yawan ado a Ingila a 1907. Sai dai ƙira kaɗai ba hujja ba ce, domin an kwaikwayi tsoffin salon da yawa a Filifin da Indonesiya daga shekarun 1970. Ƙashin kujerar ne ke tona asiri. Tsohuwa ta Amurka yawanci katako mai nauyi ne a cikinta, an haɗa da ƙananan ƙusoshi da sukuru mai tsaga ɗaya, kwaikwayon kuwa ba nauyi, sandar kwagiri ce aka lanƙwasa aka ɗaure da fil ɗin bindiga. Sukuru mai kan gicciye bai yaɗu ba sai daga tsakiyar shekarun 1930, ko da yake yana iya zama na gyaran baya.

Yanzu ga maganar kafinta, wadda ita ce ta fi damuna, domin kusan kullum sai an kawo mini kayan da wannan shawara ta riga ta kashe. Mutanenmu sun ɗauka tsohon kaya sai ya yi ƙyalli kamar sabo sannan zai yi kuɗi. A wannan kasuwar akasin haka ne: mai saye na gaske yana biyan kuɗin fentin asali, da lambar kamfani, da duhun da shekaru suka sa wa saƙar, waɗanda su ne ruwan soda ke fara cinyewa. Idan kujerar ta takarda ce, jiƙa ta ma kaɗai ya isa. Takardar za ta kumbura ta warware, wayar ciki ta yi tsatsa, ba kuwa masaƙin da zai mayar da ita yadda injin ya fitar. Idan ta kwagiri ce, sodar tana busar da ita ta bar ta da gashi-gashi, tana narkar da gam ɗin da ke riƙe da gaɓoɓin katako, sai hunturu ya zo ya ƙarasa ta, ki zauna ki ji tana karyewa ƙas-ƙas. Sannan a fesa mata fentin mota mai kauri wanda zai toshe idon saƙar, a kawo miki ita tana walƙiya, alhali babu sauran wata shaida da za a kafa shekarunta da ita. Kafintan ya karɓi ladan aikinsa ya tafi, asarar ta magada ce.

Abin bai tsaya ga kuɗi ba. Fentin gida na wancan zamani sau da yawa akwai dalma a cikinsa, Amurka ma sai a 1978 ta hana amfani da shi a gidaje. Wanda ya sa samfefa ko burushin waya ya kankare shi a tsakar gida, ya baza garin dalma a inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Duk wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ya bukatar dogon bayani. Ina mamakin yadda masu kiran kansu gwanayen gyara ba su taɓa tambayar wane irin fenti suke kankarewa ba, kuma idan ka yi musu magana sai su ce shekara nawa suna yi ba abin da ya same su. Idan fentin yana ɓarewa, ki ɗauke kujerun daga ɗakin yara. Abin da suke bukata shi ne burushi mai laushi, da tsumma mai ɗan danshi da aka matse sosai, da inuwa nesa da rana da gara.

Game da daraja, gara ki ji gaskiya tun yanzu: Lloyd Loom an yi shi da miliyoyi, saboda haka kujera ta gama-gari ba dukiya ba ce, sai dai ta fi abin da dillalin gwanjo zai faɗa da farko. Abin da ke ɗaga farashi shi ne lambar kamfani, fentin asali, lafiyar saƙa musamman a hannuwa da ƙafafu, ƙirar da ba a cika samu ba, da kasancewar kayan saiti ɗaya, don haka kada a raba kujerun da teburin a tsakanin magada kafin a kimanta su. Hoton Baturen a kan kujerar ko wata takarda daga gare shi tana ƙara nauyi fiye da labarin baka. Ki ɗauki hoton gaba da baya da ƙarƙashi da lambar, ki kwatanta da farashin da aka sayar da irinsu a gidajen gwanjo na Ingila, ba farashin da masu talla ke nema a intanet ba, sannan ki cire kuɗin dako da la'ada, waɗanda kan cinye kaso mai yawa a kaya masu cin wuri irin waɗannan. Ki nemi kimantawa a rubuce daga mutum biyu waɗanda ba su da niyyar saye, ki biya su ladansu, ki miƙa takardun ga malamin da zai raba gadon.